Yaron da ya ƙi taka ƙafa: mugunya a gaɓa da wuyar gano ta a gabashin Sakkwato

Akwai ciwon da kan cinye mahaɗar cinya da ƙugun yaro cikin kwanakin da ba su cika mako ba, kuma sau da yawa ba ya zuwa da alamar da za ta tayar da hankalin mutanen gida. Yaro ɗan shekara biyu da ya yini yana guje-guje ya kwana da masassara, da safe a tsayar da shi ya durƙushe, a taɓa ƙafar ya tsala ihu. Uwa ta ce ko faɗuwa ya yi a wurin wasa. Kaka ta ce sanyi ne ya shige shi. Mai kemis ya ce maleriya ce, ya haɗa magani. Kowannensu yana da hujja, domin yaran Wurno da Rabah da Goronyo suna faɗuwa, sauro kuma bai bar su ba. Amma a cikin irin waɗannan yara akwai wanda mugunya ce ta taru a cikin gaɓarsa, shi kuwa kowace rana da ta wuce sai ta tafi da wani abu daga ƙafarsa wanda ba ya dawowa.

Galibi ƙwayar cutar ta jini take biyowa, ba sai an ji rauni a wurin ba. Maruru, ƙurajen da aka sosa suka yi ruwa, ciwon maƙogwaro, ciwon kunne, gudawa, cibiyar jariri da ta ruɓe, duk ƙofofi ne. Tantanin da ya lulluɓe gaɓa cike yake da ƙananan hanyoyin jini, ba shi kuma da shinge mai ƙarfi, saboda haka ƙwayar da ta iso nan takan faɗa cikin ruwan gaɓar ta hayayyafa. Jiki ya aiko da fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, sai sinadaran da ke fita a wannan yaƙi su soma narkar da guringuntsin da ya rufe kan ƙashi. A gwajin da aka yi da zomaye an ga ɓarnar ta fara cikin sa'o'i 8. Guringuntsi kuwa in ya tafi ba ya tsirowa.

Gwiwa ce ciwon ya fi kamawa, amma ƙugu ya fi haɗari. Gwiwa in ta kumbura kowa zai gani. Mahaɗar ƙugu tana can ciki, nama ya binne ta, jakar da ta kewaye ta ba ta buɗewa. Mugunya in ta cika ta sai ta matse hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu, ko ta tura shi ya goce daga mazauninsa. Ga jariri abin ya fi muni, domin har zuwa wajen wata 18 akwai hanyoyin jini da ke ratsa wurin da ƙashi ke tsiro, don haka ciwon ƙashi kan zama ciwon gaɓa, na gaɓa ya zama na ƙashi. Wani likitan fiɗa na Landan, Thomas Smith, ya bayyana wannan tun 1874, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiran ƙugun jaririn da mugunya ta cinye. Ƙarshensa gajeriyar ƙafa, ko ƙugun da ya sandare, da ɗingishi har tsufa. Duk wanda ya saba zama a kasuwannin ƙauye ya ga manya masu irin wannan tafiya, kuma mun saba jingina ta duka ga shan inna. Ina da yaƙinin cewa wani kaso nasu mugunyar da ba a zuƙe ba ce tun suna goye.

Jariri shi ne babban mai ruɗa likita. Ba ya magana, bai fara tafiya ba balle a ce ya ƙi taka ƙafa, sau da yawa ma jikinsa ba ya zafi. Abin da kawai za a gani shi ne ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya daina motsi, ga kuka duk lokacin da aka zo canza masa tsumma ko za a goya shi. In ƙugu ne, yakan kwanta da cinyar a lanƙwashe, a ɗan buɗe, tana kallon waje, domin a nan ne jakar ta fi samun sarari. Uwa ce kan fara lura, sai dai ba kullum ake sauraron uwa ba, musamman in haihuwar fari ce ga kunya ta hana ta yawan magana a kan ɗan. Ungozoma da kakar da ke yi masa wanka su ma suna cikin waɗanda hannunsu ke kan gaɓoɓin jaririn safe da yamma, kuma ban ga wanda ya taɓa ɗaukar su da muhimmanci a wannan batu ba.

Sai cututtukan da ke sa rigar wannan ciwo, ko shi ya sa tasu. A ƙasashen Turai babban abin da ake rarrabe shi da shi wani kumburin ƙugu ne mai wucewa da kansa, wanda kan biyo bayan mura ga yara 'yan shekara 3 zuwa 10. A nan gabashin Sakkwato wannan ƙarami ne a cikin matsalolin.

Na farko maleriya. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yaran Najeriya, a Jihar Sakkwato kuwa abin ya haura ɗaya cikin uku. Ga fadamun Rima, ga madatsar ruwa ta Goronyo, ga gonakin shinkafa da albasa da tafarnuwa na Wurno inda ruwa ke kwance har cikin rani. Ma'anar wannan ita ce in ka ɗauki yaro mai mugunya a ƙugu ka soki yatsarsa, ba abin mamaki ba ne gwajin ya nuna layi biyu, ko don ƙwayar tana zaune a jininsa, ko don ya yi ciwon makonni kaɗan da suka wuce, tunda gwajin gaggawa kan ci gaba da nunawa bayan an warke. Gwajin bai yi ƙarya ba. Kuskuren yana wurin wanda ya ga layi biyu ya rufe littafi. Maleriya tana sa ciwon jiki gaba ɗaya, tana kwantar da yaro, amma ba ta zaɓar gaɓa ɗaya ta hana a taɓa ta. A ganina wannan jumla ɗaya, in ta zauna a kan kowane ma'aikacin ƙaramin asibiti daga Achida zuwa Gandi, za ta ceci ƙafafu fiye da kowace sabuwar na'ura.

Na biyu amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da shi a Najeriya kowace shekara. Nan ne ko ƙwararren likita kan dafe kai. Tashin ciwon sikila yana kawo zafin ƙashi da kumburi da masassara, daidai da abin da mugunya ke kawowa, kuma mai sikila ya fi kowa saurin kamuwa da ciwon ƙashi da gaɓa na gaske domin saifarsa ta raunana tun yana ƙarami. Gidan da suka saba da tashin ciwon sukan ce wanda aka sani ne, a ba shi ruwa da maganin zafi a jira ya lafa. Sau da yawa sukan yi daidai. Abin da ya kamata ya sa shakka shi ne zafi ya tsaya a wuri ɗaya, masassara ta ƙi sauka, kwana biyu ko uku babu sauƙi. Akwai kuma yaran da ba a taɓa gwada jininsu ba, ba wanda ya san suna da sikilar ma.

Na uku shan inna. An tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma har yanzu ana sa ido, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ake ci gaba da zagayen ɗigon baki. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'ida ce a ɗauki bayan gidansa sau biyu a aika ɗakin gwaji. Wannan tsari ya ratsa ƙauyukan da babu wani tsarin lafiya da ya kai. Bambancin a hannu yake: ƙafar shan inna saki take yi, ka ɗaga ta ta faɗi, gaɓar tana juyawa ba tare da turjiya ba; ƙafar mai mugunya a ƙanƙame take, yaron yana iya motsa ta amma yana tsoro, in ka juya cinyar ko kaɗan sai ihu. Jami'in da ya zo ɗaukar bayan gida ya tafi yana jiran sakamakon makonni, in da an koya masa wannan juyi ɗaya na cinya, da ya zama shi ne mai tura yaron asibiti a ranar.

Ragowar sai a ambace su a gurguje. Allurar da aka yi a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba kan bar ƙurji ko ta taɓa jijiya, kuma da yake kusan kowane yaro mai masassara an yi masa allura, ita ake fara zargi. Tarin fuka yana kama ƙugu da gwiwa a hankali, cikin watanni. A yankin da ake shan nonon da ba a dafa ba, cutar bakale ta shanu tana iya sauka a gaɓar mutum. Sanƙarau ma, irin wanda ya ratsa Zamfara da Sakkwato a 2017, kan bar wasu yara da kumburin gaɓa.

To me likitoci ke dogara da shi? A 1999 Mininder Kocher da abokan aikinsa a asibitin yara na Boston, a Amurka, suka fitar da alamomi huɗu na rarrabe mugunyar ƙugu da kumburi mai wucewa: masassarar da ta haura digiri 38.5, ƙin taka ƙafa, gwajin saurin kwanciyar jini na ESR da ya wuce 40, da fararen ƙwayoyin jini fiye da 12,000. A lissafinsu, wanda ba shi da ko ɗaya haɗarinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wanda ya haɗa huɗun kuwa ya kai kashi 99. Ɗaliban likitanci a ko'ina suna haddace wannan. Abin da ba a cika haddacewa ba shi ne da aka gwada ma'aunin a wani asibiti a Sent Luwis a 2004, mai alamomi huɗun kashi 59 kawai ya samu. In ma'auni ya yi wannan tangaɗi tsakanin birane biyu na Amurka, ina ga an kawo shi Rabah? Ƙarancin jini da tamowa da maleriya duk suna ɗaga ESR ba tare da mugunya ba. Jinin mai sikila kuwa ba ya saurin kwanciya ko da ciwo ya yi tsanani, fararen ƙwayoyinsa kuma dama a sama suke. Yaro mai tamowa mai tsanani yana iya ɗauke da mugunya jikinsa sanyi ƙalau. Gwajin CRP, wanda aka ƙara cikin ma'aunin daga baya, ya fi amfani domin yana tashi cikin sa'o'i yana kuma sauka in magani ya kama, kuma akwai nau'insa da ake yi da ɗigon jinin yatsa. Shi ya kamata a nema wa manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Hoton ƙashi shi ne abin da iyaye suka fi yarda da shi, shi ne kuma ya fi yaudara. Ɓarnar ƙashi ba ta fitowa a hoto sai bayan kwana 10 zuwa 14. Uba ya biya kuɗi, a ce masa ƙashi lafiya lau babu karaya, ya koma gida da murna, alhali hoton bai ce komai game da mugunya ba. Na'urar da ke ganin ruwa a mahaɗar ƙugu tun ranar farko ita ce ta sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Sai dai ita ma ruwa kawai take nunawa, ba ta faɗin ko mugunya ce. Hukuncin ƙarshe na allura ne: a soka cikin gaɓar a zuƙo abin da ke ciki a gani.

Ko an zuƙo, sanin sunan ƙwayar wani aiki ne. A manyan asibitocin duniya ma, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin samfuran da aka shuka ba sa tsirar da komai. Wadda aka fi samu a ko'ina ita ce stafilokokas, ƙwayar maruru. Amma ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 4 an gano wata da ta daɗe tana ɓuya, Kingela, wadda aka raɗa wa sunan Elizabeth King, masaniyar da ta fara bayyana ta a Amurka a 1960. A maƙogwaron yara take zama, ba ta son tsirowa a farantin gwaji, ciwonta kuma lallausa ne: masassara kaɗan ko babu, gwajin jini kusan daidai. Sai da Pablo Yagupsky a Isra'ila ya nuna cewa tana fitowa in an zuba ruwan gaɓa cikin kwalbar shuka jini, sannan gwajin PCR ya zo, aka gane cewa a Turai da Isra'ila ita ce kan gaba a waɗannan shekaru. PCR gwaji ne mai tsada da ba na kullum ba, ko a asibitin koyarwa.

Labarin Afirka ya ɗan bambanta. Christopher Lavy, likitan ƙashi da ya yi aiki a Zambiya da Malawi, ya ga cewa a can salmonela, ƙwayar hanji, ita ce ke yawan kama gaɓoɓin jarirai, musamman kafaɗa, kuma galibinsu yara ne masu ƙarancin jini da rashin abinci. Ya yi hasashen cewa ɗaga yaro ta hannu ɗaya a cilla shi baya yana iya ƙuje kafaɗar ta zama masaukin ƙwayar. Hasashe ne, amma duk wanda ya ga yadda ake goyo a ƙasar Hausa zai tsaya ya yi tunani. Muhimmancin wannan a aikace shi ne maganin da ke kashe stafilokokas ba lallai ya taɓa salmonela ba, saboda haka likitan da ke Goronyo, in ya sami mai sikila ko mai tamowa, dole ya zaɓi maganin da ya rufe duka biyun tun kafin wani sakamako ya dawo.

Akwai kuma ƙwayar Hib, wadda kafin rigakafi ita ce kan gaba wajen kama gaɓoɓin 'yan ƙasa da shekara biyu a Turai da Amurka, yanzu kuwa ta kusa ɓacewa a can. Najeriya ta shigar da rigakafinta cikin allurar nan mai haɗe biyar a 2012. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin 100 ne kacal na yaran Sakkwato suka kammala rigakafin farko, mafi ƙaranci a duk ƙasar. Littafin da ya ce a manta da Hib ba don yaranmu aka rubuta shi ba. A gefe guda dole a yaba: Sakkwato ce jihar farko da ta soma raba man kulohezidin na shafa wa cibiya a 2013, kuma duk cibiyar da aka shafa wa shi maimakon toka ko man goge baki, an toshe ƙofa ɗaya.

Abin da ya fi ɓata gwajin shuka a wurinmu shi ne maganin da aka sha kafin a zo. Da wuya yaro ya isa babban asibiti bai sha sirop ko kafso na kashe ƙwayoyin cuta ba, na kwana biyu, rabin awo. Wannan bai isa ya kashe abin da ke cikin gaɓa ba, amma ya isa ya sauke masassara, ya kwantar da hankalin iyaye, ya kuma hana ƙwayar tsirowa a ɗakin gwaji.

Maganar maɗori tana buƙatar adalci. Mutane suna zuwa wurinsa ne domin yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma sun ga karayar da ya ɗora ta kama. Zaginsa a rediyo bai taɓa rage masa layi ba. Amma gaɓar da ke da mugunya in aka murza ta, aka ja, aka ɗaure da karare, an ƙara mata matsi a kan matsi. Tsagar wanzami da ƙaho da sakiya ba sa kaiwa inda mugunyar take, sai dai su buɗe wa wasu ƙwayoyin hanya. Abin da za a roƙi maɗori ƙarami ne, kuma gogaggu a cikinsu sun san shi: targaɗe ba ya zuwa da masassara, kuma yaron da ba a ga faɗuwarsa ba, jikinsa da zafi, ba nasa ba ne. Neman magani a inda yake ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani da kansa.

Sai hanya. Likitocin ƙashi suna birni: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Asibitin Ƙwararru, da asibitin ƙashi na Wamakko. Daga Wurno ko Rabah tafiyar ba ta da tsawo in lafiya lau. Amma tun harin Tabanni a 2018 da ya kora jama'a zuwa Gandi, da katse layukan waya a Satumbar 2021, da kisan kasuwar Goronyo a Oktobar shekarar, kowa ya san akwai ƙauyukan da ba a fita da dare, akwai asibitocin da ma'aikata suka bari. Shawarar a garzaya birni mai sauƙin faɗi ce ga wanda ke zaune a birnin.

Shi ya sa nake ganin aikin dole ya sauko ƙasa. Binciken da Lavy da abokansa suka wallafa a 2002 daga Malawi ya nuna cewa a kafaɗar yara zuƙewa da allura ta yi daidai da fiɗa. Gwiwa ma allura tana isa gare ta cikin sauƙi. Wannan aiki ne da likitan babban asibitin Wurno ko Rabah ko Goronyo zai iya in an horar da shi, ya zuƙe, ya fara magani ta jijiya nan take, ya tura na ƙugu birni a ranar domin shi galibi sai an buɗe an wanke. Tsawon magani ma ya ragu: Heikki Peltola a Finlan ya nuna a 2009 cewa kwana 10 sun wadatar ga yawancin yara, 'yan kwanakin farko ta jijiya saura ta baki. Sai dai yaransa da wuri suka zo. Jariri, da mai sikila, da wanda ciwon ya shiga ƙashi, da wanda ya yi mako biyu a gida, nasu makonni ne, kuma yanke maganin don an ga yaro ya miƙe shi ke mayar da ciwo ya zama ƙashi mai yoyon mugunya shekara da shekaru.

Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumar lafiya a matakin farko ba sa buƙatar sabon gini don wannan. Su sa juya gaɓoɓi cikin abin da ake yi wa duk yaro mai masassara, su koya wa masu sikanin duba ƙugun yaro, su kai gwajin CRP manyan asibitocin nan uku, su kira maɗora da wanzamai da ungozomomi su zauna da su.

Ku kuma iyaye, yaron da ke da masassara ya ƙi taka ƙafa, ko jaririn da ya daina motsa hannu ko ƙafa ɗaya ko da jikinsa ba zafi, a kai shi babban asibiti a ranar, ko gwajin maleriya ya nuna, ko hoton ƙashi ya fito lafiya. Ku tafi da kwalaben duk maganin da aka ba shi, ku kuma faɗa wa likita ainihin ranar da ciwon ya fara, ko da an biya ta wurin maɗori.